Kakin Zakari a Teburin Kofur Mudi

Duk wanda ya zauna unguwar Hausawa ta New Bell a shekarun matsi ya san rumfar Kofur Mudi mai wanki da guga, ko da bai taɓa kai masa ko hula ba. Tana bayan masallaci, a bakin kwatar nan da ke cika ta batse duk ranar da ruwan Duwala ya sauko. Teburi ɗaya ne da tsohon bargon soja a shimfiɗe a kai, sai dutsen guga na gawayi guda biyu, ɗaya na hannu ɗaya na jiran wuta. Sunansa na takarda Mahmudu Salmanu, amma wannan sai a ofis. Dogo ne siriri, ba ya dariya a banza, kuma ko buhun gawayi zai ɗauko daga bakin titi, tafiyar fareti yake yi da shi. 'Yan unguwa kan tsokane shi su ce shi dai ya bar soja, amma har yau ba a gaya wa ƙafafunsa ba.

A unguwar aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya zo fatauci tun zamanin Jamus, ya ga wuri ya zauna. Mudi ya yi firamare ta Faransanci, yana ɗan shekara sha tara ya shiga soja, aka tura shi Garwa. Bayan shekara biyu sai ga Zakariya'u, yaron maƙwabtansu, shi ma an kawo shi barikin, kai a aske, wando na zamewa daga ƙugu. Mudi ya riƙe shi kamar ƙani. Shi ya koya masa dama sitacin rogo yadda ba zai yi gudaji ba, da fitar da kari uku a bayan riga, da goge takalmi har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Ya kuma koya masa abin da kowane mai wanki ke fara yi, wato a duba aljihu kafin a jiƙa. Mudi ya kai kofur, igiya biyu a hannu. Zakari kuwa har ya fita ko igiya ɗaya bai samu ba, kuma ku riƙe wannan, don Mudi bai taɓa mantawa da shi ba.

A shekarar casa'in ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam Salmanu, ga shi Mudi ne kaɗai namiji a gidan. Da wa'adinsa ya cika bai sabunta ba, ya dawo gida. Bai damu ƙwarai ba a lokacin. Lissafinsa shi ne tsohon soja mai takardun sallama masu kyau ba ya rasa kaki, in ba na 'yan sanda ba to na kamfanonin gadi. Zakari ma ya biyo shi bayan wata shida da ciwon gwiwa.

Sai shekara ta zagayo da yajin nan da ake kira vil mort, lokacin da gari ke mutuwa daga Litinin zuwa Juma'a, ba kasuwa ba mota. Wata Laraba maganin tsohon ya ƙare. Mudi ya ji an ce akwai mai kemis a Nkololoun da ke sayarwa ta ƙofar baya, ya fita, Zakari ya raka shi. Suna cikin dawowa suka tarar an ƙona tayoyi a mararraba, ga motar jami'an tsaro tana kwasar duk wanda ta samu a tsaye. Aka watsa su ciki da maganin a hannu. Kwana goma sha ɗaya suka yi a wani ɗaki da ya kamata ya ɗauki mutum takwas, su sun fi talatin, suna barci bi da bi, baya na jingine da baya. Ba a kai su gaban alƙali ba. Ran na sha biyu aka buɗe ƙofa aka ce kowa ya kama gabansa.

Ba yunwar ce ta tsaya wa Mudi a rai ba, ba kuma zafin ɗakin ba. Littafi ne. Ranar da aka shigar da su, wani jami'i ya buɗe ƙaton littafi mai baƙin bango, ya tambayi suna da sunan uba da ranar haihuwa, ya rubuta. Mudi ya ga sunansa ya hau layi da idonsa. A soja kuwa, abin da ya shiga littafi ya shiga ke nan. In aka hore ka a Garwa saboda maɓalli ɗaya, ko ƙarshen ƙasa aka mai da kai takardar za ta riga ka isa. Shekara bakwai yana ganin haka, don haka bai ga dalilin da zai sa littafin farar hula ya zama daban ba. Tun kafin ya fito ya yanke wa kansa hukunci cewa sunansa ya ɓaci a wurin gwamnati har abada.

Duk mai neman aikin kaki sai ya kawo kaziye, takardar da kotu ke bayarwa mai nuna ko an taɓa ɗaure mutum. Sau ɗaya Mudi ya je kotu a Bonanjo, unguwar ofisoshi, nemanta. Ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kari, ya shiga layi. Saura mutum huɗu a kai kansa, sai ya ga magatakarda ya ɗaga kai ya kira na gaba gefe yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Wa ya sani, wataƙila hoto ne mutumin bai kawo ba. Amma Mudi bai tsaya yin wannan tunanin ba. Ya hango kansa a tsaye ana karanta masa laifinsa a gaban 'yan boko masu taye, shi da ya ba mutum goma sha biyu umarni. Ya zame daga layin kamar mai neman banɗaki, bai tsaya ba sai New Bell. Ya gaya wa matarsa Asibi cewa an hana shi, kuma kada ta sake ambatar kalmar kaziye a gidansa. Bayan rasuwar tsohon ya kafa teburin guga, don shi ne abin da hannunsa ya iya.

Zakari kuwa ya je kotun, ya samu tasa takardar. Wata uku bayan nan wani kamfanin gadi ya ɗauke shi, aka ajiye shi a ƙofar wani banki a Bonanjo, da kaki ruwan toka da baƙar hula da bel mai ƙarfe. Da murnarsa ya zo rumfa ya ce, "Kofur, wallahi je ka gwada. Tawa ta fito fes, ba komai a ciki."

Mudi ya ci gaba da hura gawayi, bai ɗago ba. Ya ce, "Taka ai dole ta fito fes."

Ya riga ya gama haɗa labarinsa. Yayan Mairama matar Zakari akawu ne a wani ofis a Bonanjo. To me ya rage? An bi ta bayan gida an goge sunan Zakari daga littafi, aka bar nasa. Mutumin da aka kama su tare a hanyar sayen maganin tsohon, mutumin da Mudi ya ba rabin burodinsa a ɗakin nan, ya goge nasa shi kaɗai, sannan ya zo yana ce masa je ka gwada. Mudi bai taɓa tambayar kowa ko haka aka yi ba. Bai buƙaci tambaya ba, don labarin ya yi masa daidai da ciwon da yake ji.

Abin haushi, kuma abin dariya in ba kai abin ya shafa ba, Zakari ba ya yarda kowa ya taɓa kakinsa sai Mudi. Kowace Asabar bayan la'asar zai kawo riga biyu da wando biyu, ya zauna a benci yana ba da labarin banki: Bature ya ce masa kaza, na'urar sanyi ta sa shi mura, shugaban kamfani ya nuna bayan rigarsa ga sauran ya ce haka ake son mai gadi ya fito. Yana faɗa ne don ya faranta wa maigidansa na soja rai. Mudi kuwa ji yake kamar ana ɗiga masa ruwan zafi a ƙeya. Karinsa ne ke tafiya Bonanjo kullum da safe a bayan wani, shi yana nan bakin kwata da hayaƙi a ido.

Hassada ce, ba wani suna da za a ba ta, kuma Mudi ya san ita ce. Yakan yi istigfari bayan sallah, ya fito ya hango Zakari ya sauko daga motar kamfani a bakin titi, masu shayi na ɗaga masa hannu suna "Shef! Shef!", wato shugaba, sai abin ya dawo sabo. A wurin suna Zakari ake ba kujera. In ɓarayi sun dami layi, Zakari mai unguwa ke kira shawara, wai shi ne masanin tsaro, mutumin da a Garwa sai da aka yi wata guda ana koya masa bambanta hagu da dama. Duk da haka Mudi bai taɓa ɓata masa guga ba. Sau da yawa ya riƙe dutsen a kan aljihun rigar yana jin in ya ƙara numfashi uku zai bar tabo, sai hannunsa ya ƙi. Wani abin kuma da ba wanda ya sani sai Asibi, ran Lahadi da hantsi in ya gama, yakan shiga ɗaki da rigar ya saka, ya tsaya gaban madubin kwaba ya gyara kafaɗa. Ta fi zama a jikinsa, wannan gaskiya ne. Asibi ta taɓa leƙowa ta gan shi, ta koma da baya a hankali.

Aka yanke albashin ma'aikata har sau biyu a shekara ɗaya, aka karya darajar kuɗi, masu kawo wanki suka ragu, ɓarayi suka ƙaru. Kasuwar kamfanonin gadi ta buɗe, kowa na neman tsofaffin sojoji. Mudi na jin sanarwa a rediyo sai ya murɗa tasha.

Da daminar casa'in da huɗu, wata Asabar Zakari ya zo da sabuwar riga a leda. Ya zare ta ya shimfiɗa a kan bargon da kansa. A kowace kafaɗa igiya uku ce fara.

Ya ce, "Kofur, an ba ni shef na masu rakiyar motar kuɗi. Ɗaya ga wata zan fara, in banki sun gama bincikensu. Ka fitar mini da ita yadda ka iya."

Mudi ya dubi igiyoyin. Uku. Shi da ya sha rana da ƙurar fareti shekara bakwai biyu ya samu. Ya ce, "Allah ya sanya alheri," muryarsa kamar ta mai ciwon haƙori.

Zakari ya yi murmushi ya ce, "Akwai wata magana kuma, amma sai ta nuna tukuna. Za ka ji."

Mudi ya ɗauka wani sabon abin alfahari ne ke tafe, ko babur ko ƙarin girma. Abincin dare ma ranar bai iya gamawa ba.

Binciken da Zakari ya ambata sananne ne. Banki ba ya yarda da takarda kaɗai, sai an turo mutum unguwa ya tambayi halin wanda za a ɗauka. New Bell kuwa tana da ƙa'idarta tun zamanin kakanni: ɗan unguwa ba a tona shi a gaban baƙo. In za a ci masa mutunci a cikin gida za a ci, amma in wani ya zo daga waje da biro, ko ɓarawon akuya ake tambaya, amsa ɗaya ce, yaron kirki ne, mun san ubansa.

Ran Talata da hantsi mai binciken ya zo. Dattijo ne ɗan kudu, tsohon ɗan sanda, da lema da littafi a cikin leda. Ya ga mai unguwa, ya ga liman, ya ga mai shayi, kowa ya rera masa waƙar nan guda. Yana hanyar fita ruwa ya ɓarke, ya faɗo rumfar Mudi don ya fake. Ga rigar mai igiya uku a rataye, an gama ta, kari uku a baya kamar an ja da wuƙa.

Dattijon ya dube ta ya ce da Faransanci, "Aikin soja ne wannan. Ka san mai ita?"

"Na san shi."

"Mutumin kirki, ko? Kowa haka ya ce mini." Ya yi dariyar gajiya, yana shirin mai da littafin cikin leda. Ko buɗe shi bai yi ba.

Da Mudi ya gyaɗa kai kawai, shi ke nan. Ruwa ma ya fara tsagaitawa. Amma idonsa na kan igiyoyin nan, sai ya ji bakinsa ya buɗe.

"Mutumin kirki ne. Sai dai ban sani ba ko ya gaya muku an taɓa tsare shi."

Dattijon ya tsaya. Ya zaro littafin a hankali, ya cire murfin biro da haƙori. Ya ce a takardar da Zakariya'u ya cike an tambaya ko an taɓa tsare shi, ya rubuta a'a. Yaushe ne? A ina? Kwana nawa? Mudi ya ba da amsa tiryan-tiryan kamar mai ba da rahoto ga hafsa, da rana da wata da mararrabar da aka yi kamun. Yana faɗa yana jin wani sanyi na sauka a ƙirjinsa, irin wanda rabonsa da shi shekara uku.

"Kai ta yaya ka san duk wannan?"

"Tare muke. Kwana sha ɗaya, ɗaki ɗaya."

"To. Sunanka, saboda shaida."

"Mahmudu Salmanu. Tsohon kofur."

Biron ya tsaya. Dattijon ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana kallonsa. Ya juya shafi ɗaya, ya karanta wani abu, ya sake dubansa. Sannan ya yi ɗan rubutu a wannan shafin ma, ya miƙo masa ya sa hannu. Da zai tafi ya ce, "Ashiya, kaporal," wato sannu, irin wadda ake yi wa wanda abu ya samu. Mudi bai gane dalilin sannun ba. Sanyin ƙirjin nan kuwa ko azahar bai kai ba ya gushe, ya bar shi da ɗaci a baki.

Zakari ya aiko aka karɓi sabuwar rigar, daga nan kwana goma Mudi ba abin da ya ji. Ɗaya ga wata ta zo ta wuce, motar kamfani ta tsaya a bakin titi ba ta ɗauki kowa ba. Ran Asabar bayan la'asar sai ga Zakari cikin doguwar riga ta gida, da ƙullin kaya a hannu. Bai zauna a benci ba. Ya ajiye ƙullin a kan teburi, tsofaffin kakin biyu da sabuwar mai igiya uku wadda ko sau ɗaya bai saka ba.

Ya ce, "Kofur, ran Litinin zan mai da musu kayansu. Ba na so in kai da datti."

Mudi ya ce, "Me ya faru?" Shi kansa ya ji kunyar tambayar.

"Sun ce na yi ƙarya a takarda. Mutum biyu na New Bell duka an cire." Zakari ya dubi kwata, ya dubi dutsen guga, bai dubi Mudi ba. "Dattijon ya nuna mini sa hannun. Na san hannunka, kai ka koya mini cike takardar hutu."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya a bakin rumfa, ya ce, "Ka duba aljihu kafin ka jiƙa."

Mudi ya daɗe a tsaye bayan tafiyarsa. Sannan ya kwance ƙullin, hannu ya yi abin da ya saba, aljihun wando, aljihun baya, aljihun ƙirji. A na sabuwar rigar ya ji takarda an ninke ta huɗu. Ya buɗe. Tambarin kotu ne a sama, da hatimi, da kwanan wata na makonni biyar da suka wuce. Sunan da ke jiki Mahmudu Salmanu, ɗan Salmanu da Hapsatu, haifaffen Duwala. A filin da ake jera laifuffuka an ja dogon layi daga kusurwa zuwa kusurwa, an rubuta kalma ɗaya da Faransanci, néant. Babu komai.

Ya karanta sau uku. Bai ji zuwan Asibi ba sai da ta ajiye kwanon abinci a gefen teburi. Ta ga takardar, ta ga fuskarsa.

Ta ce, "Baban Hafsa, ni na ba shi takardar haihuwarka. Ya ce kada in gaya maka sai abu ya tabbata, don ya san halinka. Gurbinsa na ƙofar banki da zai bari, sunanka ya bayar, har shugaban ya ce in mai karin nan ne a kawo shi. Kai ne na biyun da aka cire." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ya ce magatakarda ya gaya masa tun farko, wanda alƙali bai yanke wa hukunci ba ba a rubuta shi. Tasa ma haka ta fito. Ba wanda ya goge masa komai."

Mudi ya ninke takardar yadda ya same ta, ya tura ƙarƙashin bargon. Ya dama sitaci, ya wanke kakin uku duk da sabuwar ba ta da datti. Washegari rana ba ta fito ba, da dutsen guga ya busar da su, ya fitar da kari uku a bayan kowace, bai taɓa yin waɗanda suka fi su kyau ba. Da hantsi ya yi, lokacin da ya saba shiga ɗaki gaban madubi, sai ya naɗe su a leda ya ɗauka da kansa zuwa gidan Zakari.

Mairama ce ta fito. Ta karɓi kayan da hannu biyu, ta gaishe shi yadda ake gaida yayan miji, ta ce maigidan ya fita. Takalmansa na nan a bakin ƙofar ɗaki, an goge su suna ƙyalli yadda Mudi ya koya masa, kuma ana jin rediyo a ciki.

Zakari ya koma haya da babur, ya yi shekaru yana yi kafin ya tashi da iyalinsa zuwa unguwar Kassalafam. In sun haɗu a jana'iza suna gaisawa. A unguwa ba wanda ya taɓa yi wa Mudi maganar a fuska, don ƙa'idar nan shi ma ta rufe shi, sai dai daga ranar masu shayi suka daina tsokanarsa da tafiyar fareti, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo. Takardar kaziye wata uku take aiki. Tasa ta ƙare a ƙarƙashin bargon, dutsen guga na bi ta kanta kullum, bai kai ta ko'ina ba.